Daga Bompai zuwa Kura: Tarihin St. Louis da bashin karatun da 'yan matan ƙasar noman rani suke binmu

A shekarar 1948 wasu mata Turawa 'yan ƙasar Ayalan suka sauka a Kano. Ba matan Razdan ba ne, ba kuma ma'aikatan gwamnati ba. Sistoci ne na cocin Katolika, irin matan nan da suke ɗaukar alkawarin ba za su yi aure ba, za su ƙarar da rayuwarsu a hidimar addininsu. Ƙungiyarsu ta samo asali a garin Juilly na Faransa a 1842, ta yi reshe a Monaghan da ke Ayalan a 1859, kuma daga can ne ta fara turo mata Afirka ta Yamma. Sun fara da Kumasi a 1947, sannan Kano a shekarar da ta biyo baya. Koyarwa ce sana'arsu. Abin da suka dasa a wancan zuwan shi ne ya girma ya zama makarantar sakandaren 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai, wadda take nan har yau da sunanta, sama da shekara 75 ke nan.

Daga ƙofar makarantar zuwa garin Kura, in aka bi titin Zariya, tafiyar kilomita 30 ce da 'yan kai. In babu cunkoso, mota ba ta cika awa guda ba. Amma ba don 'yan matan Kura da Bunkure da Garun Malam aka gina St. Louis ba, kuma har gobe 'yar ƙaramin manomin Kadawa ba ta cikin lissafinta, sai dai jifa-jifa. Duk da haka ya kamata mutanen wannan yanki su san tarihinta, domin a cikinsa akwai amsar tambayar da muka daɗe muna kewayewa. Me ke sa uba ya saki 'yarsa ta tafi makaranta, ya kuma bar ta har ta gama?

Ƙofar da Sarki Alu ya rufe

'Yan mishan sun riga sojan Ingila isowa Kano. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya jagoranci 'yar tawaga zuwa birnin, cikinta har da wani matashin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila daga baya. Zamanin Sarki Alu Babba ne. Suka nemi izinin zama, Sarki bai ba su fuska ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari, suka juya ƙasar Zazzau. A watan Fabrairun 1903 Turawa suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato, inda Gwamna Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba.

Wannan alkawari shi ne ya tsare 'yan mishan a wajen masarautun Musulmi shekaru masu yawa. Ba a buɗe coci ko makaranta a ƙasar sarki sai da yardarsa da ta Razdan, kuma yawanci ba a samun ko ɗaya. Likita Mila ne ya yi sa'a ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, shi ma a 1929 aka mayar da aikinsa Wusasa, bayan gari. Daga wannan ɗan ƙauye ne aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a nan Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. A Kano kuwa, coci bai sami wurin sa ƙafa ba sai a Sabon Gari, unguwar baƙi da ta tsiro bayan isowar jirgin ƙasa a 1911.

Ni dai ban ga laifin iyayen da suka ji tsoro ba. Ɗan mishan bai ɓoye abin da ya kawo shi ba. Bishara ya zo yi, makaranta da asibiti hanyoyin isa gare ta ne. Uban da ya ƙi miƙa 'yarsa ga mutumin da burinsa shi ne ta bar addinin gidansu yana da hujja, kuma duk mai kiran wannan jahilci bai yi wa kakanninmu adalci ba. Inda laifi yake shi ne wuyan gwamnatin da ta rufe waccan ƙofa, ta ci gaba da karɓar haraji da jangali, sannan ta buɗe tata ƙofar ɗan siriri. A 1909 Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. A farkon shekarun 1920 aka buɗe Kwalejin Katsina. Duk na maza ne. Sai a 1930 aka tuna da mata, aka buɗe 'yan cibiyoyi biyu a Kano da Katsina ƙarƙashin En'e, da goyon bayan Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko. Ɗaliban kaɗan ne, yawancinsu 'ya'yan fada da na makusantanta, kuma abin da ake koya musu bai wuce karatu da rubutun Hausa, ɗinki, tsafta da renon yara ba. A 1939 aka ƙara da cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato. Ke nan shekara 27 cif Turawa suna mulkin Kano kafin su buɗe wa 'ya mace aji ɗaya, kuma ajin da suka buɗe bai san da zaman 'yar talakan ƙauye ba.

A shekarun 1930 ne katangar ta fara tsagewa, ta hanyar jinya. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954, ta sami izinin kula da kutare a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, wanda har yau makafi da masu yanar ido daga Nijar da Chadi suke yi masa tururuwa. Daga nan suka bazu cikin karkara, suka buɗe makarantar maza a Roni da ta mata a Kabo. Inda suka fi samun karɓuwa shi ne ƙauyukan Maguzawa, Hausawan da ba su musulunta ba, waɗanda suke warwatse a kudanci da yammacin ƙasar Kano. Jikokinsu da dama yau Kiristoci ne, kuma da su ake noma a bakin kanal ɗaya da maƙwabtansu Musulmi.

Abin da sistocin suka gina

Lokacin da sistocin St. Louis suka iso, Kano ta canza. An gama yaƙin duniya na biyu, dalar gyaɗa ta tsaya a bakin tasha, filin jirgin sama yana karɓar baƙi, Sabon Gari ta cika da akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, waɗanda suke son 'ya'yansu mata su yi irin karatun da ake yi a garuruwansu. Tun 1869 CMS ta buɗe makarantar 'yan mata a Ikko, saboda haka a wurin waɗannan iyaye karatun 'ya mace ba sabon abu ba ne. Su ne suka fara cika azuzuwan. Bompai kuma tana wajen ganuwa, ɓangaren Turawa da kamfanoni, inda alkawarin Lugga bai tsaya da ƙarfi ba.

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta sistoci, a Kano ne ko Kakuri ko Jos, in ta fara ba da labari za ka ji abubuwan sun yi kama. Ƙararrawa ce ke tashin mutum tun duhu bai washe ba. A gyara gado har sai zanen ya miƙe ba lanƙwasa, a ɗauki tsintsiya, kowace yarinya da yankin da aka ba ta, kuma in an ga ganye ɗaya a yankinki sunanki za a kira. A duba farce da kitso da wuyan riga. Bayan aji a yi wanki, da dare a koma karatun shiri, shugabar ɗalibai tana zagayawa. Sista tana kwana a harabar, tana cin abinci a harabar, ta san sunan kowace yarinya da na ubanta, ta san wadda ta dawo hutu a rame. In yarinya ta yi zazzaɓi da tsakar dare, ba sai an je gari neman malama ba. Kuma malamar da ta koya wa uwa lissafi, ba abin mamaki ba ne 'yar ta zo ta same ta tana nan.

Wannan zama daram shi ne jarin makarantar. Kuɗin Turai ya taimaka, tallafin gwamnati ya taimaka, amma ba su ne suka sa iyaye suka yarda ba. Abin da uba yake son sani kafin ya saki budurwar 'yarsa guda uku ne: wa zai riƙe ta, ina za ta kwana, kuma da wane hali za ta dawo. Sistocin sun amsa waɗannan da aikinsu, shekara bayan shekara, har manyan ma'aikata da attajirai Musulmi suka fara kawo nasu 'ya'yan. Aka wayi gari Musulma da Kirista suna zama benci guda, suna cin tuwo a kwano iri ɗaya, kowace ta koma gida da addininta.

A nan akwai abin da ke ci mini rai. Manyan Arewa sun gane amfanin waɗannan makarantu da wuri. Muhammadu Sanusi II, jikan Sarki Sanusi na ɗaya, a makarantar Katolika ta St. Anne's da ke Kakuri ya yi firamare. Marigayiya Maryam Babangida ta yi makarantar sistoci ta Kakuri. Gidajen da suka san ƙofar ofis sun auna abin, suka ga riba ta fi haɗari, suka tura 'ya'yansu. Shi kuwa manomin Bunkure ba wanda ya je ya zauna da shi ya yi masa wannan lissafi. An bar shi da tsoron da ya gada, ba a kuma gina masa wata makarantar da zai amince da ita a kusa da shi ba.

Makarantar Bompai ta ga tashin hankali iri-iri. Kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa sun kwashe mutanen Sabon Gari da yawa zuwa Kudu. Bayan yaƙi gwamnatocin soja suka shiga karɓe makarantun mishan. A 1972, a tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya, St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena, Queen of Apostles ta Kakuri, wadda aka kafa a 1940, ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. St. Louis ta Kano ta tsira da sunanta. Ta ga rikicin Kano na 1991, ta ga harin ranar 20 ga Janairun 2012 wanda ya taɓa hedikwatar 'yan sanda da ke unguwarta. Turawan da suka kafa ta sun tsufa, wasu sun koma gida, wasu sun mutu, kuma yau sistoci 'yan Najeriya ne suke riƙe da aikin ƙungiyar. Makarantar ba ta mutu da tafiyar masu ita ba, domin sun reni magada tun suna da ƙarfi.

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A ƙasar Sin, wata Baturiyar Ingila, Mary Ann Aldersey, ta buɗe makarantar 'yan mata a birnin Ningbo a 1844, kuma irin waɗannan makarantu na farko sai da suka haɗa da ciyarwa da tufatarwa kafin su sami ɗalibai, yawanci 'ya'yan matalauta. Kafin ƙarnin ya ƙare lamarin ya juya. Makarantar McTyeire da 'yan mishan na Amurka suka buɗe a Shanghai a 1892 ta zama wurin 'ya'yan masu hali, har 'yan matan gidan Soong suka bi ta cikinta, waɗanda ɗayarsu ta auri Sun Yat-sen. Abin lura shi ne abin da Sinawa suka yi da kishin da ya kama su. A 1898 suka buɗe tasu makarantar 'yan mata a Shanghai da kuɗinsu, a 1907 gwamnati ta shigar da karatun mata cikin dokar ilimi. Lokacin da gwamnatin kwaminisanci ta karɓe makarantun mishan, ta haɗe McTyeire da wata makarantar mishan, St. Mary's Hall, a 1952 ta mayar da su makarantar gwamnati, ƙasar ta riga ta tara nata malamai mata da za su riƙe. Sinawa ba su tsaya ga ƙin baƙo ba, sai da suka gina abin da zai maye gurbinsa.

A Arewa ma an sami masu wannan kishi. Malam Aminu Kano bai gaji da maganar ilimin mata ba. Isa Wali ya tayar da ƙura a jarida a 1956 kan matsayin mace a Musulunci. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri kan 'yancin mata. Gwamnati ta buɗe Kwalejin 'Yan Mata ta Dala, daga baya aka yi makarantar kimiyya ta mata a Taura, sannan ta Garko. A 1985 mata Musulmi suka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna, suka shiga buɗe nasu makarantun. An yi aiki, ba a ce ba a yi ba. Sai dai rabon ya yi kama da na ruwan kanal, wanda gonakin kusa da bakin ƙofa suke sha su ƙoshi, mai gonar can ƙarshe kuwa sai ya kwana yana jiran abin da ya rage.

Ruwa ya zo, aji bai biyo shi ba

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, kuma Gwamna Audu Bako ya sa ruwa a gaba. Aka yi madatsar Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka gama madatsar Tiga a 1974. Babban kanal ya ɗauko ruwa ya gangaro da shi ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, a wani shiri da aka tsara zai shayar da kimanin hekta 22,000 a zangonsa na farko. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta karɓi ragamar aikin. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Ruwa da makaranta kusan tare suka shigo wannan ƙasa. Ruwan ya kama ƙasa ya zauna. Ƙasar da a da ake noma gero da dawa sau ɗaya a shekara ta koma ba ta hutu: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da masara da rani. Kura ta zama gari na injinan casa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da manyan motoci suke lodin tumatir zuwa Kudu, har kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016.

Wanda yake son ya san inda 'yan matan suke da ƙarfe tara na safe, ya shiga lungunan Kura lokacin kakar shinkafa. Hayaƙi ne ke fara yi masa maraba. A cikin gidaje an jera manyan tukwane da rabin duro a kan murhu, an jiƙa shanshera tun jiya, yau ana turarawa. Uwa tana tsaye da ludayi, zufa na zuba, idonta ya yi ja. Yarinya 'yar shekara 11 ko 12 ce ke ɗebo ruwa, ita ce ke tura ƙaiƙayi da itace cikin wuta, ita ce ke taya kwashewa a kai shanya a kan leda. Sai a ji uwar tana cewa, "Maza ki baza ta kafin rana ta yi, ki kuma kula da kajin nan." Yarinyar ta ce, "To, Inna," ta sa ƙafa tana jan layi cikin shinkafa mai tururi. In ta gama, ga bokitin awara ko ɗanwake yana jiranta, domin masu dashe da masu ban ruwa da 'yan dako suna can bakin gona da yunwa, kuma kuɗi na hannunsu. Da rani kuma aikin ya koma tsinkar tumatir da yanka shi a shanya kauɗa. Rigar makarantar tana rataye a ƙusa.

Wannan uwa ba maƙiyiyar ilimi ba ce. Lissafi take yi, kuma lissafin nata daidai ne a gajeren zango. Matar da ke cikin kulle ba ta da ƙafar kasuwa sai ta 'yarta. Ribar talla ita ce adashi, adashi shi ne gado da katifa da kwanuka da jere, kuma ranar da aka kai amarya ba kayan ɗaki, uwa ce ke shan gori, ba uba ba. Masu bincike sun daɗe da ganin haka. Enid Schildkrout ta yi nazari a birnin Kano a shekarun 1970 kan yadda sana'ar matan aure ta rataya a wuyan 'ya'yansu masu talla. Cecile Jackson ta zauna a wannan yanki na Kura ta rubuta yadda aikin ruwan ya taɓa rayuwar mata Musulmi da na Maguzawa, har ta ba da labarin yajin aikin da mata 'yan ƙwadago suka yi a gonar wani kamfanin Turawa mai noman kayan lambu a Kadawa, suna neman ƙarin lada. Matan da suka iya ajiye aiki su tsaya wa Bature kan haƙƙinsu ba za a ce ba su san ciwon kansu ba. Arziƙin noman rani ya ƙara wa aikin yarinya daraja a yau, makarantar da ke kusa da ita kuwa ba ta nuna wa uwarta abin da za ta samu gobe ba.

Me uwar take gani in ta leƙa? A ƙauyuka da yawa tana ganin aji mai ɗalibai fiye da ƙima, wasu a ƙasa, malami ɗaya, kuma namiji. Tana ganin makarantar da ba ta da bayan gida mai ƙofa, abin da ke korar yarinya da zarar ta fara girma. Tana ganin malamar da aka turo daga birni, ta zo a makare saboda mota, ta koma kafin azahar, shekara na zagayowa ta nemi canji. Tana ganin 'yar maƙwabta da ta gama aji shida ba ta iya karanta takardar asibiti ba. In sakandare ce, sai an yi tafiya mai nisa a gefen titin da tireloli ke gudu, ko ta cikin gonaki inda ba kowa. In ta kwana ce, sunayen Chibok da Dapchi da Jangebe, inda aka sace ɗalibai mata, suna cikin kunnen kowa. Tambayoyin nan uku da sistocin Bompai suka amsa, a nan ba a amsa ko ɗaya ba.

Gwamnatoci sun yi shela. A 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na karatun 'yan mata, Kano na cikin jihohin farko da suka shiga. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ana ganin sababbin azuzuwa da fenti a wurare, kuma wannan abin a yaba ne. Amma gini ba ya kwana da yarinya, ba ya sanin sunan ubanta. Abin da ya riƙe St. Louis shekara 75 mata ne da suka tare a wurin suka ƙi tashi.

Kuma ba sai mun je Ayalan aro ba. Shekaru da dama kafin sistocin su tako ƙasar nan, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa kowacce jaji, ta ba su alamar girma, suka riƙa zagaya ƙauyuka suna kai wa mata karatu har cikin gida, suna rako su wurinta suna mayar da su lafiya. Ta gane cewa miji da uba ba sa sakin mace sai ga macen da suka sani. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka cika garuruwanmu tun shekarun 1980 sun ƙara tabbatar da haka. Gidan da ake cewa ba ya son karatun mace, shi ne yake barin uwa da 'ya su fita Islamiyya da yamma, yana kuma yanka rago ranar sauka. Ashe ba karatun ake ƙi ba.

To, ƙasar Kura da Bunkure ba matalauciyar ƙasa ba ce. Akwai ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, akwai masu injinan casa, akwai dillalan Kwanar Gafan, akwai attajiran da suke fitar da zakkar amfanin gona duk kaka, akwai hakimai da dagatai da limaman Juma'a da ake jin maganarsu. Waɗannan su ne za su iya abin da ofis a Kano ba zai iya ba. Su ware buhu daga kowace kaka a matsayin waƙafi na makarantar 'yan matan garinsu. Su gina wa malamai mata gidaje a cikin harabar, don su zauna da iyalansu. Su zaɓi 'yan matan garin da suka gama sakandare, su biya musu kuɗin kwalejin horar da malamai, bisa sharaɗin su dawo gida su koyar, ko da sun yi aure. Su zauna da hukumar ilimi a daidaita lokacin shiga aji da na kaka, yadda uwa ba za ta rasa mataimakiya gaba ɗaya ba. Su kuma yi magana a kan mumbari game da tsadar kayan ɗaki, tunda nauyinsa ne yake tura yarinya bakin titi da faranti.

Jama'ar Kura, Bunkure da Garun Malam, ku da kuka iya ciyar da Ikko da tumatir, riƙe makarantar 'yan mata ɗaya a kowace gunduma bai fi ƙarfinku ba. Kakar shinkafa mai zuwa, kafin a ɗinke bakin buhuna, a fara ware na makarantar.